Tarihin Jeranta Kalmomi a Jimlar Ingilishi da Yadda Aka Koyar da Shi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun insha'in Ingilishi na ɗalibai yana dubawa ya san cewa kurakuran da ke cinye jan alƙalami iri biyu ne. Akwai na rubutun kalma da na lokutan aikatau, waɗanda akan ja wa layi a wuce. Akwai kuma waɗanda malami zai duba ya ga kowace kalma daidai take, amma jimlar ta ƙi zama, saboda an ajiye wata kalma a wurin da ba mazauninta ba ne. Wannan kashi na biyu shi ne abin da wannan takarda ta sa a gaba. Za mu bi sawun al'amarin ta fuska biyu: yadda harshen Ingilishi ya wayi gari ya ɗora nauyin ma'anar jimla a kan jerin kalmomi, da kuma yadda masu koyar da shi suka daɗe kafin su lura da haka, har zuwa lokacin da dabarunsu suka iso azuzuwan ƙasar Hausa. Dalilin da ya sa muka zaɓi hanyar tarihi shi ne, a ganinmu, wuraren da ɗalibanmu suka fi tuntuɓe su ne wuraren da shi kansa harshen ya fi daɗewa bai daidaita ba.

2.0 Zamanin da Ingilishi ke da i'irabi

Asalin Ingilishi harshen wasu ƙabilu ne da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 na Miladiyya. Harshen da suka yi magana da shi, har zuwa wajejen shekara ta 1100, shi ne masana ke kira Tsohon Ingilishi, kuma Baturen Ingila na yau ba ya iya karanta shi sai ya koya kamar baƙon harshe. Suna a wannan harshe yana da jinsi uku, kuma ƙarshensa yana sauyawa gwargwadon aikin da yake yi a jimla. Haka ma sifa da mafayyaci suke bin sunan da suke tare da shi.

Ga wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ajurumiyya, wannan ba baƙon abu ba ne. I'irabi ne. Kamar yadda rufu'a ke nuna fa'ili a Larabci, fataha kuma ta nuna maf'uli, haka Tsohon Ingilishi yake bambanta aikau da karɓau ta siffar kalma. Bari mu ƙaga misali. Kalmar maharbi ita ce hunta idan shi ne ya yi aikin, amma huntan idan a kansa aikin ya faɗa. Mafayyacin namiji kuwa se ne ga aikau, þone ga karɓau. Saboda haka:

Se hunta ofsloh þone wulf.
Þone wulf ofsloh se hunta.

Duka jimlolin biyu ma'anarsu ɗaya: maharbi ya kashe kyarkeci. Idan ana so a ce kyarkecin ne ya yi kisan, sai an taɓa siffar kalmomin, a ce þone huntan da se wulf, ko da kuwa an bar kowa a inda yake tsaye. A Ingilishin yau, da zarar an musanya wa maharbi da kyarkeci wuri, to an musanya wanda ya mutu.

Kada a ɗauka cewa wannan yana nufin ana zuba kalmomi ne yadda aka ga dama. Akwai tsari, sai dai ba irin na yau ba ne. A babbar jimla aikatau ya fi son wuri na biyu, ta yadda idan aka fara da bayanau kamar þa, wato "sa'an nan", sai aikatau ya biyo, aikau ya koma bayansa. A ganga mai dogaro kuwa aikatau yakan koma can ƙarshe. Wannan tsari yana nan a Jamusanci da harshen Holan. A Ingilishi ragowarsa ce kawai ta saura, a irin Here comes the headmaster da Never have we seen such rain, waɗanda littattafan makaranta ke kawowa a matsayin "togaciya", alhali su ne tsohuwar ƙa'idar.

3.0 Zubewar ƙarshen kalmomi

Abubuwa uku akan ambata a matsayin musabbabin rushewar wannan tsari, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Na farko yana cikin harshen kansa. Ingilishi, kamar danginsa, yana ɗora ƙarfin furuci a kan gaɓar farko ta tushen kalma. Gaɓar ƙarshe, wadda ke ɗauke da i'irabi, sai ta riƙa raunana, har wasulan a da o da u da e suka narke suka zama wasali guda maras ƙarfi, baƙin n na ƙarshe kuma ya riƙa faɗuwa. Da hunta da huntan duk suka koma abu ɗaya a kunne. Mafayyatai masu yawa su ma suka taru suka zama the, wanda ba ya nuna jinsi, ba ya nuna adadi, ba ya nuna aiki.

Na biyu shi ne zuwan mutanen Sikandinebiya. Sun fara da hare-hare, kamar wanda suka kai Lindisfarne a 793, daga baya babbar rundunarsu ta sauka a 865, suka zaune gabashi da arewacin Ingila. Harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne na kusa. Tushen kalmomi da yawa iri ɗaya ne, ƙarshensu ne ya bambanta. Mutanen da ke ciniki da auratayya da juna a irin wannan hali, abu ne mai sauƙi su riƙe tushen su saki ƙarshen. Hujjar da ke ƙarfafa wannan ra'ayi ita ce, zubewar ta fara ne daga arewa da gabas, inda baƙin suka zauna, ta gangaro kudu a hankali. Zurfin cuɗanyar ya kai har Ingilishi ya ari wakilan suna they da them da their daga gare su, abin da harsuna ba su cika ara ba.

Na uku shi ne cin Ingila da Wiliyam na Nomandi ya yi a 1066. An fi jin labarin wannan, amma mu muna ganin rawar da ya taka ta bayan fage ce. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin na coci da ilmi, aka bar Ingilishi a bakin talakawa. Daidaitaccen rubutun da marubuta ke bi tun bayan zamanin Sarki Alfred ya rasa masu tsaronsa, saboda haka lokacin da aka koma rubuta harshen sai aka rubuta shi yadda ake faɗinsa. Kundin tarihin da aka ci gaba da rubutawa a Peterborough har 1154 ya nuna wannan ƙarara: sashensa na ƙarshe ya riga ya saki mafi yawan tsohon i'irabi.

A nan ma nahawun Larabci zai taimaka mana. Malaman nahawu sun ce ya halatta a gabatar da maf'uli a kan fa'ili, amma idan sunayen biyu irin Musa da Isa ne, waɗanda i'irabinsu ba ya bayyana, kuma babu wata alama da za ta warware, to wajibi ne a fara da fa'ili don gudun rikitarwa. Abin da ke aukuwa a Larabci ga 'yan sunaye kaɗan, shi ne ya auku ga dukkan sunayen Ingilishi. Kowane suna ya zama Musa da Isa, sai jeri ya zama wajibi.

Masanin Amurka Charles C. Fries ya auna wannan sauyi a wata maƙala da ya buga a 1940. Ya ƙirga yawan lokutan da karɓau ke zuwa kafin aikatau a rubuce-rubucen zamani daban-daban. A wajejen shekara ta 1000, kimanin rabi ne. A 1200 bai sauya sosai ba. A 1300 ya sauko zuwa kimanin kashi 40 cikin ɗari, a 1400 kimanin kashi 14, a 1500 kuwa bai kai kashi 2 ba. Ke nan a lokacin da William Caxton ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476, tsarin aikau, aikatau, karɓau ya riga ya kafu, ɗab'i kuwa ya ƙara masa gindin zama.

Akwai saɓani a kan wanda ya riga wani. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne i'irabi ya zube, jeri ya maye gurbinsa. Otto Jespersen, masanin Denmak, ya juya maganar a 1894, ya ce jerin ne ya fara daidaita, i'irabi ya rasa aikin yi, sa'an nan ya zube. Alƙaluman Fries ba su goyi bayan Jespersen sosai ba, tun da ƙarshen kalmomi ya yi nisa wajen lalacewa a 1200 alhali jerin bai motsa ba. Mun fi karkata ga cewa abubuwan biyu sun yi ta tura juna ne na tsawon ƙarni uku ko huɗu. Abin da ya tsira daga wannan ambaliya kaɗan ne: bambancin he da him, da who da whom, da kuma 's na mallaka.

4.0 Tambaya da korewa

Jimlar bayani ta daidaita da wuri, amma tambaya da korewa sun ƙara shekaru kusan ɗari biyu suna tangal-tangal, kuma a nan ne muke so mu ɗan daɗe.

A tsohon tsari, ana yin tambaya ne ta hanyar gabatar da aikatau kowane iri, a ce Came he yesterday? Korewa kuma a sa not bayan aikatau, a ce He came not. To amma bayan i'irabi ya tafi, wannan hanya ta haifar da matsala. Idan aka ce Saw the king the hunter? sunaye biyu sun jeru bayan aikatau, kuma babban sharaɗin da harshen ya riga ya dogara a kansa, wato aikau a gaban aikatau, karɓau a bayansa, ya karye. Mafita ta zo daga kalmar do. Idan aka ce Did the king see the hunter? an sami alamar tambaya a farkon jimla, kuma sarki yana nan gaban aikatau, maharbi yana bayansa. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Alvar Ellegård na ƙasar Suwidin ya bi diddigin wannan kalma a littafinsa na 1953, inda ya nuna cewa ta yi saurin yaɗuwa a tsakiyar ƙarni na 16, ta fara kama tambayoyi, musamman masu korewa, sa'an nan daga baya ta kama jimlolin korewa. A zamanin Shakespeare siffofin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, marubuci guda yakan yi amfani da kowacce. Sai wajejen 1700 ne al'amarin ya kusanci yadda yake yau. Kuma ko da ya daidaita, bai daidaita bai ɗaya ba. Aikatau be da mataimakan aikatau irin su can da will sun riƙe tsohuwar hanya ta juyawa, sauran aikatau suka bi do. Idan aikau ake tambaya, ba a juyawa kuma ba a sa do: Who came? Idan tambayar ta shiga cikin wata jimla, sai a warware juyin: I asked where he was going. Wato ɗan Ingilishi yana tafiya da tsari biyu, tsoho da sabo, da ƙa'idar sanin inda kowanne ke aiki. Wannan ita ce gadar da ɗalibinmu na aji huɗu ake so ya haye a zango ɗaya.

5.0 Nahawun da ya kau da kai daga jeri

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da Ingilishi ya gama zama harshen jeri, masu rubuta nahawunsa sun zuba shi ne a cikin kaskon Latin, wanda harshen i'irabi ne. Nahawun Ingilishi na farko, na William Bullokar a 1586, ya bi tsarin littafin Latin na Lily da ake karantawa a makarantu. Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795, waɗanda littattafansu suka mamaye makarantu shekaru masu yawa, sun fi ba da ƙarfi ga azuzuwan kalmomi da gyaran maganar da suke gani ba ta dace ba. Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Don 'ya'yan Turawa suka rubuta, yaron da ya tashi da harshe kuwa ba ya bukatar a gaya masa inda ake sa aikau. Inda suka taɓa jeri ma, sau da yawa don su hana abin da harshen ya yarda da shi ne, kamar ƙyamar ƙare jimla da harafi irin su to ko with, wadda John Dryden ya nuna tun 1672.

Matsalar ta taso ne da aka kwashi irin wannan nahawu aka kai wa waɗanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su. Littattafan J. C. Nesfield, waɗanda aka shirya don makarantun Indiya a ƙarshen ƙarni na 19, sun zaga ƙasashen mulkin Ingila. Aikin ɗalibi a cikinsu shi ne ya feɗe jimlar da wani ya gina, ya ce wannan suna ne, wannan ganga ce mai dogaro. Feɗewa kuwa daban, gini daban. Mahauci bai zama makiyayi ba don ya san gaɓoɓin sa.

6.0 Jadawalin sauya kalmomi

Waɗanda suka fara ɗaukar jeri da muhimmanci malamai ne da suka koyar a ƙasashen waje. Thomas Prendergast, wanda ya yi aikin gwamnati a Madaras ta Indiya, ya nuna a 1864 cewa daga 'yan jimloli kaɗan da aka haddace sosai ana iya fitar da ɗaruruwa ta hanyar sauya kalmomi a gurabensu. Harold Palmer, wanda ya koyar da Ingilishi a Beljiyam kafin yaƙin 1914 ya komo da shi Landan, shi ne ya mai da wannan tunani kayan aikin aji. A 1916 ya buga littafi mai jadawali 100 na sauya kalmomi.

Yadda jadawalin yake shi ne, a raba jimla gida-gida daga hagu zuwa dama, kowane gida a zuba masa kalmomin da za su iya zama a cikinsa. Ɗalibi ya ɗauki ɗaya daga kowane gida, ba tare da ya tsallake ko ya koma baya ba. Jadawali mai gida uku, na farko da kalmomi 5, na biyu da 4, na uku da 6, yana ba da jimloli 120, dukkansu a jere daidai. Hikimar ita ce ba a faɗa wa yaro doka ba, an sa ƙafarsa a kan turba ne ya yi ta bi har ta zame masa jiki.

Palmer ya tafi Japan a 1922, ya shugabanci wata cibiyar binciken koyar da Ingilishi a Tokiyo har 1936. A can ne A. S. Hornby ya ci gaba da aikin, ya karkasa aikatau na Ingilishi bisa ƙirar jimla 25, wato abin da kowane aikatau ke yarda ya biyo bayansa da kuma a wane jeri. Ya sa wannan a ƙamusun da aka buga a Tokiyo a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948, shi ne kakan ƙamusun da ke kan teburin kusan kowane malamin Ingilishi a ƙasar nan. Kaɗan ne daga cikin masu amfani da shi suka san cewa 'yan alamomin da ke gaban aikatau darasin jeri ne. A Amurka kuwa, shi dai Fries ɗin nan da ya ƙirga tsofaffin jimloli shi ne ya kafa cibiyar koyar da Ingilishi a Jami'ar Michigan a 1941, ya gina hanyarsa a kan maimaita ƙirar jimla da baki. Ba haɗuwa ce ta banza ba: mutumin da ya ga yadda jeri ya gaji i'irabi shi ne ya dage cewa jeri ne farkon abin koyarwa. Abokin aikinsa Robert Lado ya ƙara da cewa, a littafinsa na 1957, idan aka kwatanta harshen ɗalibi da wanda yake koyo za a iya hango inda zai sha wuya.

7.0 A ƙasar Hausa

Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, kuma wannan ya zama tsarin elementare a Arewa na tsawon lokaci, Ingilishi sai an yi gaba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 kuma Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, ta yi suna wajen Ingilishin baka, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, shi ne shaidar da kowa ke kawowa. Akan yi amfani da wannan a ce hanyar da ta fi ta yanzu. Ya kamata a tuna cewa ɗalibai ne 'yan kaɗan, zaɓaɓɓu, a makarantar kwana, a hannun malamai masu harshen, shekara biyar. Wanda ke jin jimla daidai safe da yamma zai kama jeri ko da wace hanya aka bi.

Jadawalin Palmer ya iso mu ne ta littattafan firamare na shekarun 1950 da 1960, irin waɗanda F. G. French ya shirya wa Oxford, kuma a shekarun 1960 ne Arewa ta gwada fara koyarwa da Ingilishi tun daga ajin farko. Rahoton D. W. Grieve na 1964 ya sa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta shigo da tambayoyin zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla. Sai shirin ilmin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa da yara, aka horar da malamai cikin gaggawa. Jadawali kayan aiki ne mai bukatar malamin da zai fitar da yaro daga cikinsa zuwa magana ta gaske. Inda babu wannan, sai ya koma waƙa. Mun taɓa zama a bayan wani aji a lokacin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, yara sama da saba'in suna rera Where are you going? da murya ɗaya, babu kuskure. Da aka tashi, muka sa wata yarinya ta tambayi ƙawarta inda za ta, da Ingilishi. Abin da ta ce shi ne Where you are going?

To mene ne rabon Hausa a cikin wannan? Joseph Greenberg, wanda ya fara aikinsa na bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, shi ne ya kafa nazarin jerin kalmomi a harsunan duniya da maƙalarsa ta 1963, inda ya kwatanta harsuna 30, har da Fulatanci da Yarabanci. A irin wannan rabo, Hausa da Ingilishi gida ɗaya suke: aikau, aikatau, karɓau. "Audu ya sayi doki" da Audu bought a horse sun jeru daidai wa daida. Bahaushe ya sami sassaucin da Bajapane ko Bature ɗan Turkiyya bai samu ba, domin su aikatau a ƙarshe suke sa shi. Bambancin yana cikin ƙananan wurare. A yankin suna muna cewa "littattafai uku" da "gidan Audu", Ingilishi yana gabatar da adadi da mai mallaka. Sifa a wurinmu tana iya zuwa gaba ko baya, "farin doki" ko "doki fari", a Ingilishi gaba kawai. Lamirin suna da ke bin aikau a "Babana ya tafi" shi ne ke fitowa a My father he went. Wakilin sunan da muke bari a "mutumin da na ba shi kuɗi" shi ne ke haifar da the man that I gave him money. "Ya bayyana mini" kuma ita ce uwar He explained me, alhali He told me daidai ne, kuma ba abin da zai raba su sai ƙirar aikatau irin ta Hornby. Waɗannan duka ra'ayin Lado ya bayyana su sarai.

Amma kuskuren yarinyar nan fa? Da sauƙi a ce daga Hausa ne, tun da muna cewa "Me Audu ya saya?" ba tare da juya aikau da aikatau ba. Sai dai bincike ya nuna abin ya wuce nan. Tun bayan da S. Pit Corder ya jawo hankali a 1967 cewa kurakuran ɗalibi suna da tsarinsu, aka shiga bin sawun masu koyo. Binciken da aka yi a Jamus a kan ma'aikata baƙi masu koyon Jamusanci, wanda Meisel da Clahsen da Pienemann suka ba da rahotonsa a 1981, ya gano cewa suna kama dokokin jeri ne hawa-hawa, a tsari guda. Pienemann da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna irin wannan ga tambayoyin Ingilishi a 1988. Mai koyo yakan fara da jimlar bayani da ɗaga murya, You are going? Sa'an nan ya sa kalmar tambaya a gaba ba tare da juyi ba, wanda shi ne matakin yarinyarmu. Bayan haka ya iya juya be da mataimaka, sa'an nan ya iya sa do a wuri na biyu bayan kalmar tambaya. Warware juyi a tambayar da ke cikin wata jimla shi ne na can ƙarshe, shi ya sa I asked him where is he going ke bin mutane har jami'a. Masu harsuna daban-daban duk ta wannan tsani suke hawa. Hausa tana iya sa ɗalibi ya daɗe a wani mataki, amma ba ita ta kafa tsanin ba. Pienemann ya kuma yi hujja a 1984 cewa koyarwa tana iya gaggauta hawa, amma ba ta sa a tsallake mataki.

Idan haka ne, yarinyar ba ta gaza ba, kuma jadawalin bai yi ƙarya ba. Ta haddace jimlar mataki na gaba, amma da ta zo gina tata sai ta gina da abin da ta mallaka. Abin da malaminta ya rasa shi ne hanyar sanin matakin da take. Wannan kuwa abu ne da kwalejojin ilmi za su iya koya wa ɗalibansu ba tare da kashe kuɗi ba. Kowane mai gwajin koyarwa ya ɓoye wani abu a aljihu ko a cikin kwali, ya bar yara su yi ta tambaya da Ingilishi har su gano shi, shi kuwa ya rubuta tambayoyin yadda suka fito daga bakinsu ba tare da gyara ba. Idan ya dawo kwaleji, a zauna da malaman Ingilishi da na Hausa a teburi ɗaya, a rarraba tambayoyin bisa matakan nan, a ware waɗanda ke ɗauke da sawun Hausa daga waɗanda kowane mai koyo ke yi, sa'an nan a duba wane jadawali ne ya dace da ajin a zango mai zuwa.